Masassarar cizon sauro da masu ciki a Maradi

Malam Edita,

Daga Agusta zuwa Oktoba, sauro kan cika unguwannin bakin Gulbi, kuma mai cikin fari ce ta fi shan wahala. Ƙwayar cutar tana ɓuya cikin mabiyiya ko da jiki bai yi zafi ba, ta rage jinin uwa, jariri ya zo ƙasa da kilo 2.5.

Maganin SP, wanda ake ba masu ciki don kare su daga masassarar, na nan wurin awo: ƙwaya uku a haɗiye gaban ungozoma, daga mako na 13, wata-wata, aƙalla sau uku. Matsalar ita ce mata da yawa sai ciki ya kai wata bakwai suke zuwa, wai kunyar surukai. Lokacin aƙalla zagaye uku na maganin sun wuce. Magidanta, ku kai su tun wata na uku.

Wani ma'aikacin lafiya, Maradi