Sanarwa kan ƙarin burauzarmu mai buɗe fayilolin ODF

Assalamu alaikum ƴan uwa,

Alhamdulillahi, aikin ya fara kankama. Ƙarin da muke ginawa yanzu yana buɗe fayil ɗin .odt, wato takardar rubutu ta tsarin ODF, kai tsaye a cikin Firefox da Chrome, ba sai mutum ya sauke manhajar ofis ta LibreOffice ba.

Ga sababbin shigowa: ODF (OpenDocument Format) buɗaɗɗen tsari ne na ajiye takardun ofis a kwamfuta, ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta OASIS ta amince da shi a 2005, hukumar ƙa'idoji ta duniya ISO ta karɓe shi a 2006. Fayil ɗin kansa ƙunshin zip ne. Mukan kwance shi, mu karanta content.xml da styles.xml, mu mayar da su HTML, tsarin da burauza ke nunawa. Duk a kwamfutar mai karatu ake yin wannan, takardarsa ba ta zuwa sabar kowa, kuma abin da ya fi kwanta mini a rai ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne jadawali. Jiya na buɗe wata takarda mai gidajen da aka haɗe, sai layukan suka hau kan juna, lambobi suka bar mazauninsu. Ba mu taɓa .ods (takardun lissafi) da .odp (takardun gabatarwa) ba tukuna.

Don Allah duk mai takarda mai wuyar sha'ani ya goge bayanan sirri, ya turo nan kafin Juma'a. Masu JavaScript kuma, mutum biyu muke nema su kama mana jadawalin.