Rahoton Ayyukan Shekara: Cikon Yashi a Ƙananan Gaɓoɓin Teku

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Bana kusan duk ƙarfin ƙungiya ya tafi ne kan tambayar da kuka ɗora mana a babban taron bara: idan aka yi wa ƙaramar gaɓar teku cikon yashi, wato aka kawo yashi daga wani wuri aka zuba mata, yana tare zaizaya, ko kuwa teku ne kawai ake ciyarwa?

Kwamitin awo ne ya fi shan aiki. Sun kafa turaku a gaɓoɓin da aka yi wa ciko, suna auna faɗi da tudu idan ruwa ya janye, suna komawa bayan kowace guguwa. A watannin farko gaɓa kan ragu da sauri, har mutane su ce an yi asara. Sau da yawa yashin bai yi nisa ba. Ya gangara ne ƙarƙashin ruwa ya yi tudu, tudun kuma yana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso, sannan wani sashensa ya dawo idan teku ya lafa. Muna roƙon mambobi su daina yanke hukunci da ido kawai.

Inda duwatsu suka rufe gaɓa ta gefe biyu, ciko yana daɗewa, domin yashin ba shi da hanyar sulalewa. Inda gaɓa take a buɗe, igiyar da ke zuwa a karkace tana jan sa gefe har ya ƙare. Girman ƙwayar yashin ma babban abu ne: yashin da ya fi na asali laushi ba ya zama, kuma yana gurɓata ruwa ya binne ciyawar teku. Wannan ya fi damun mu, ganin cewa ita ciyawar tana riƙe ƙasa da saiwoyinta.

Kwamitin ilimi ya gabatar da laccoci kan tarihin dabarar, tun daga cikon Coney Island a Amurka cikin 1922 zuwa 1923, har zuwa aikin ciko mai suna Zandmotor na ƙasar Holan, inda a 2011 aka zuba yashi kubik mita miliyan 21.5 wuri guda aka bar iska da ruwa su rarraba shi. Ƙaramar gaɓa ba ta da filin da za a yi mata haka. Ita sai ciko kaɗan-kaɗan, ana maimaitawa bayan 'yan shekaru, musamman inda madatsun ruwa suka tare yashin da koguna ke kawowa.

Aikin wayar da kai bai kai yadda muka so ba, saboda ƙarancin masu sa kai.

Matsayin kwamitin zartarwa shi ne mu goyi bayan ciko a gaɓar da duwatsu suka rufe, da sharaɗin a gwada yashin tukuna, a kuma tanadi kuɗin maimaitawa. Baɗi awo zai ci gaba, kuma muna neman ƙarin hannu. Mai sha'awa ya ba da sunansa a babban taro.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa