Abba, kada ka taɓa filin nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Hajiyarku da ta saba tashi in sanyi ya shigo.

Baffanka ne ya zo mini da maganar da ban so ji ba. Wai ka sa dillali ya nemo mai sayen filinka na Kumbotso, za ka haɗa kuɗin kama gida a can Ingila. Da na tuntuɓi Hajiya sai ta ce ai ka gaya mata ka kusa samun takardar zama ta har abada. Har abada, Abba? Ita ba ta yi boko ba, abin da ka faɗa shi ta riƙe. Ni kuwa a kan fassara takardun kotu na tsufa, don haka ka natsu ka ji.

Takardar da ke hannunka yanzu sunanta limited leave to remain. Limited na nufin abin da aka shata wa iyaka, kuma iyakar taka a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinka. Ranar da suka sallame ka, ko hukuma ta ƙwace lasisinsu, kwana 60 aka saba bai wa mutum: ko ya samu wani mai ɗaukar nauyi, ko ya tattara nasa ya nasa. Wadda kake jira kuma ita ce indefinite leave to remain, kuma a nan ne ka ruɗi mahaifiyarka, wataƙila har da kanka. Indefinite ma'anarta ba a sa rana ba, shi ke nan. Ka manta 2022? Malaman jami'a suka shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, a watan Agusta suka ce ya zama indefinite, gidajen rediyo suna ta cewa na sai baba ta gani, ƙanwarka tana zaune a gida kamar ta yi hauka. A watan Oktoba aka janye shi. Ita ma takardar, wanda ya same ta in ya bar Birtaniya fiye da shekara 2 a jere, ta mutu.

Ko permanent ɗin, wato ta dindindin, da kowa ke taƙama da ita, na ga ƙarshenta da idona. A 1975 ina ƙaramin akawu gwamnatin Murtala ta kori dubban ma'aikata, mutanen da takardunsu ke ɗauke da permanent and pensionable, wasu a rediyo suka fara jin sunayensu. Masu dokar nan da kake dogara da su ma ba sa zama wuri ɗaya. A Janairun 2024 suka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, a Maris suka hana masu aikin kula da tsofaffi su ma zuwa da nasu. A Mayun 2025 suka fito da shawarar mayar da jiran shekara 5 kafin a samu takardar da kake jira ya koma 10. Duk kana can aka yi waɗannan, ka fi ni sani.

Zancen Kumasi ba sai na maimaita maka ba. Mako 2 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙi su bar ƙasar a 1969, kuma ka san da me mai sunanka ya dawo. Da ya biye wa masu cewa ya sayar da gidan nan, a ina za a haife ka?

Abin da ke hana ni barci shi ne yaran nan. Na kira ranar nan, babban ya ɗauka, na ce yaya karatu, ya miƙa wa uwarsa wayar don bai gane ba. Na haɗiye, ban gaya wa kowa ba. Yanzu kuma ɗan wurin da zai sa wata rana su ce muna da wuri a Kano shi za ka sa a kasuwa. So kake ranar da aka kira ka aka ce na cika, ka sauka a otal da 'ya'yanka, ku zo zaman makoki kamar baƙi, ku koma? So kake jikokina su riƙa tambayar hanyar gidan kakansu? Kuma a ce dillali ya riga ni ji! Ni na sayar da shanun gadona na biya maka kuɗin jirgi, lokacin da kowa ke cewa kada in bar ka ka tafi. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake ba, amma ban cancanci in ji wannan a bakin Baffanka ba.

Na san kuɗin haya na cin ka, na san kuma ba ka taɓa fashin aiko wa Hajiya ba ko wata ɗaya. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka takardar da kake nema cikin sauƙi. In matsin ya kai haka, ka rage abin da kake aiko mana, fanshona zai riƙe mu.

Na riga na aika wa dillalin cewa ya dakata. Takardun filin suna wurina. Ka ɗauki hoton bizarka ka turo wa ƙanwarka in karanta da kaina, sannan ka kira ni ranar Juma'a bayan la'asar, ka sa yaran kusa. Hajiya da Gwaggonka suna gaishe ku.

Mahaifinka.