Lambar sirrin ma'aikaci da ɗalibi ba kayan ofis ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

Muna roƙon fili mu yi magana kan shugaban aiki ko malamin ladabtarwa da zai ce wa na ƙasa da shi "buɗe wayarka, ba ni lambar sirrinka ta Facebook ko WhatsApp". Jama'armu a Kebbi na miƙawa saboda kunya da tsoron kora, alhali doka na bayansu.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida, wasiƙu da hirar tarho. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC), ta ce amincewar mutum a yi amfani da bayanansa sai an ba da ita da son rai, kuma ana iya janye ta. To, wanda aka ce masa "ka buɗe ko ka rasa albashi", ina son ransa? Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba kuwa, amincewar iyaye ko mariƙi ake nema. Shiga asusun mutum na intanet ba izini laifi ne a Dokar Laifukan Intanet ta 2015.

Sai dai a sani, kwamfuta da imel ɗin ofis na ofis ne. Kada a buɗe asusun kai a cikinsu, domin manhajar shiga intanet na adana lambar sirri.

In an nema, ka ce cikin ladabi a rubuto buƙatar da dalilinta. In saƙo ɗaya ake bincike a kai, ɗauki hotonsa ka bayar, wayar ta tsaya a hannunka. Wanda ya riga ya miƙa waya ya gaggauta duba jerin na'urorin da aka haɗa da WhatsApp ɗinsa. Nan ɓarnar take: cikin minti guda ana iya haɗa wata kwamfuta, a ci gaba da karanta hirarka da iyalinka bayan an dawo maka da waya. Cire duk na'urar da ba ka sani ba, canza lambar sirri, kunna tabbaci mai mataki biyu (wato ƙarin lamba ta biyu da ake nema kafin a shiga asusunka), sannan ka kai ƙorafi ga NDPC a rubuce.

Jihar Maryland ta Amurka ta haramta wa masu ɗaukar aiki neman irin wannan lamba tun 2012. Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Kebbi ta aika wa makarantu takardar umarni: a iya karɓe wayar da aka hana shigowa da ita, amma a ajiye ta a kulle har iyaye su zo.

Wasu lauyoyi da masana kwamfuta,
Birnin Kebbi