Wasiƙa ga aminina kan bidiyon Hammer na 1994

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya aiki, yaya kuma zaman nesa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Saƙonka ya iso, bidiyon da ka turo kuma na kalla. Na sha dariya har uwargida ta leƙo ta ga abin da ya same ni, na yi maza na kife wayar, don ba irin abin da magidanci zai so a same shi yana kallo ba ne. Amma maganar da ka rubuta a ƙarƙashinsa, wai ɗan rawa ya ari rigar 'yan daba ta yi masa yawa, ita ta sa na ga gajeren saƙo ba zai wadatar ba. Rabin maganarka na yarda da shi. Ɗaya rabin kuwa sai mun yi ta.

Ka fara tuna ko wane ne MC Hammer a 1990, lokacin da ni da kai muke karya ƙafafu wajen kwaikwayon rawarsa. Kundinsa Please Hammer Don't Hurt 'Em ya yi mako 21 a saman jadawalin Billboard, kuma shi ne kundin gambara na farko da aka tabbatar ya sayar da kwafi miliyan 10 a Amurka. Waƙar da ta ɗaga shi, U Can't Touch This, a kan kiɗan Rick James aka gina ta, har sai da Rick James ya kai ƙara aka sa sunansa cikin marubutanta. Ya yi tallan Pepsi, kamfanin Mattel ya fitar da 'yar tsana mai kamarsa, a 1991 kuma tashar ABC ta riƙa nuna wa yara katun mai suna Hammerman. Ga wandon buje mai walƙiya, ga murmushi, ga waƙa sukutum a kan muhimmancin addu'a. Shi ne mawaƙin gambarar da iyaye ba sa kashe talabijin in ya fito.

Wannan farin jinin shi ya zame masa alaƙaƙai. Tun kafin kasuwa ta juya masa baya, 'yan uwansa mawaƙa sun sa shi a gaba. Ƙungiyar 3rd Bass ta yi masa ba'a a waƙa, Ice Cube ya sa wani mai shiga irin tasa a bidiyo don nuna wanda ya sayar da kansa ga masu kuɗi. Kundinsa na 1991, Too Legit to Quit, ya sayar da miliyoyi, adadin da in wani ne sai ya yi walima, amma ga wanda ya taɓa miliyan 10 faɗuwa ce. Sai a Disamban 1992 Dr. Dre ya saki The Chronic, a Nuwamban 1993 Snoop ya biyo da Doggystyle. Kiɗan ya yi sanyi, ya yi nauyi, muryar mawaƙi kamar ta wanda bai gama farkawa ba. Babu mai tsalle, babu mai gumi. Gwani shi ne wanda ya jingina da mota ya ɗaure fuska, kamar duniya ba ta dame shi ba.

An ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, to amma ka duba nauyin da ke wuyan mutumin a lokacin. Ya gina katafaren gida a kan tudu a Fremont ta jihar Kalifoniya, ya zuba masa miliyoyin daloli. Yana da dawakan sukuwa. Sama da duka, yana ɗauke da albashin jama'a, an ce sun kai kusan mutum 200, da yawansu 'yan unguwarsu ne da ya jawo don su samu abin yi. Mai irin wannan ɗawainiya ba shi da damar ya koma gefe ya jira zamani ya sake zagayowa kansa. Ƙarshen wata ba ya jira. Saboda haka a 1994 ya bar kamfanin waƙa na Capitol ya koma kamfanin Giant, ya fitar da The Funky Headhunter, ya ajiye buje da walƙiya, ya sa hular sanyi da manyan takalma, ya mayar wa su Q-Tip da Redman da Run-DMC martani, har ya gayyato Tha Dogg Pound, mutanen su Snoop, cikin kundin.

Daga cikinsa ne Pumps and a Bump ta fito, wato bidiyon da ka turo. A gidan nasa na Fremont aka ɗauka, a bakin wurin ninkaya, da 'yan mata birjik cikin kayan wanka. Har nan babu sabon abu, haka bidiyon gambara suke a shekarar. Inda aka samu matsala shi ne Hammer da kansa ya tuɓe, ya rage daga shi sai ɗan kamfan ninkaya mai zanen jakin dawa. A ƙa'idar irin wannan bidiyo, mata ake kallo, namiji kuma ya dunƙule cikin manyan kaya yana kallon masu kallo. Shi sai ya juya lissafin, ya zama shi ne abin kallo, ya fi kowa tsiraici a gidansa. Tashar MTV ta ƙi nuna shi, dole aka sake ɗaukar wani yana sanye da tufafi. Ka yi tunanin yaron da shekara uku baya yake zaune gaban katun ɗinsa da safiyar Asabar, yau ya ga wannan.

Ni abin da ya fi ba ni dariya, ya kuma fi ba ni tausayi, ƙafafunsa ne. Ka sake kallo ka kashe sautin. Fuskar tana ƙoƙarin ɗaurewa, kafaɗu suna ƙoƙarin yin nauyi, amma daga ƙugu zuwa ƙasa Hammer ɗin 1990 ne, bai je ko'ina ba. Kowane taku a kan ƙa'ida, kowane juyi an yi masa atisaye. Mutum ne da ya taso yana kwaikwayon James Brown, wanda a wajensa girmama 'yan kallo shi ne ka jiƙe da gumi a gabansu. Sabon yayin kuwa yana buƙatar ka nuna ba ka wahalar da kanka don kowa ba. Hammer bai iya rashin ƙoƙari ba. Ko da ya tashi nuna cewa bai damu ba, sai ya yi shi da iya ƙarfinsa, ka ga kuwa an tashi a tutar babu.

Yanzu ga inda muka raba hanya. Kai kana ganin tsaurin idon da ya nuna a 1994 na aro ne. Stanley Burrell, sunansa na yanka ke nan, an haife shi a 1962, ya tashi a gabashin Oakland cikin talauci, a gida mai 'ya'ya da yawa. Yana ɗan shekara 11 mai ƙungiyar ƙwallon besbol ta Oakland A's, Charlie Finley, ya gan shi yana rawa a wurin ajiye motocin filin wasa ya ɗauke shi aiki. A can aka laƙaba masa Hammer saboda kamarsa da Hank Aaron, shahararren ɗan wasan besbol da ake yi wa laƙabi da Hammer. Ya yi shekara uku a sojan ruwa. Da ya tashi kafa kamfanin waƙa, rance ya ci a hannun 'yan wasan ƙungiyar biyu, Mike Davis da Dwayne Murphy, ya riƙa sayar da faifansa daga but ɗin mota. Wannan ba tarihin ɗan gata ba ne. Wasu daga cikin mawaƙan da suka yi masa ba'a, Redman na ciki, sun faɗa da bakinsu daga baya a hirarraki cewa da suka haɗu da shi ido da ido sun gane ba mutumin wasa ba ne.

Ka ga ke nan in akwai rigar da aka ɗinka don kasuwa, mai walƙiyar ce, ta 1990. Ya ɗinka ta da kyau har ta manne masa. Da ya zo yana cewa ku tsaya, ni fa ɗan Oakland ne, gaskiya yake faɗa, amma mutanen da suka sayi 'yar tsanarsa ba su da inda za su ajiye wannan gaskiyar. Masu sauraron Dre da Snoop kuma sun riga sun yanke masa hukunci. Mutum yana faɗin asalinsa ana ce masa maƙaryaci, kuma shi ya koya wa jama'a su ƙaryata shi. Inda na yarda da kai shi ne, hanyar da ya bi ya faɗa ta aro ce. Kiɗan na George Clinton ne kamar na kowa a lokacin, 'yan matan da wurin ninkayar na kowa ne. Kamfan nan kaɗai ne nasa na kansa, shi ma da ya bar shi a akwati.

In kana son ganin aro na gaske, nemi abin da Vanilla Ice ya yi a wannan shekarar ta 1994. Shi ne ya sauke Hammer daga saman jadawali a ƙarshen 1990, shi ma ya faɗi, ya dawo da kitson dada yana waƙar tabar wiwi a kundin Mind Blowin', wanda ko cikin jadawalin bai shiga ba. Na Hammer kuwa, duk dariyar da ake yi masa, ya kai na 12 a Billboard, ya kuma sayar da kwafi miliyan ɗaya. Mutane sukan manta da wannan. Sai dai miliyan ɗaya ba ta riƙe gida irin na Fremont da jama'ar da ke ci a ƙarƙashinsa.

Sauran labarin ka sani. A 1995 ya shiga kamfanin waƙa na Death Row wajen Suge Knight, ya yi kusa da Tupac, kundin da ya yi a can bai fito ba. A watan Afrilun 1996 ya je kotu ya bayyana karayar arziki, da bashin da ya haura dala miliyan 13. Bayan kashe Tupac a Satumban shekarar ya bar kamfanin, daga baya ya koma wa'azi a coci da talabijin. A 2012 ya hau dandamali da Psy na Koriya ta Kudu a bikin American Music Awards, yana ɗan shekara 50, ya yi tsohuwar rawarsa, zauren ya ɗauki sowa. Wannan ma yana YouTube, kuma shi kana iya kallo ko yara na kusa.

Ka rubuto mini in har yanzu kana kan bakanka, don na san halinka, ba ka sauka da wuri. Ka kuma gaya mini ko hutun ƙarshen shekara zai kawo ka, in san yadda zan tsara nawa. A gaida uwargida da yara da kyau, a ce ina yi wa babban fatan alheri a jarrabawarsa. Mutanen nan duk suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka har kullum,
Amininka