Zuwa ga ƙanena mai kai albasa otal: amsar tambayarka ta taron Mile 12

Assalamu alaikum.

Ranar Asabar a taron 'yan kasuwarmu ta Mile 12 a Legas ka miƙe ka tambaye ni a bainar jama'a. Ka ce kana kai albasa da wake wasu otal-otal a Ikeja, littafi yana nuna riba, amma kullum aljihu wayam, shin ka ci bashin banki? Kiran sallar la'asar ya katse mu, shi ya sa na rubuto, tunda ba kai kaɗai wannan ƙaya ta soka ba.

Ciwonka na kwanakin jiran kuɗi ne. Ka biya mai albasa a Aliero kuɗi hannu, ka biya kuɗin mota, 'yan dako sun sauke sun karɓi nasu tun gumi bai bushe ba. Otal kuwa ya karɓi kaya, akawu ya buga wa takardarka hatimi, ko ɗago kai bai yi ba ya ce ka dawo bayan kwana 45. A cikin kwanakin nan kai ne bankin otal ɗin, kuma kyauta kake yi masa aikin.

To kafin ka doshi kowane banki, zauna ka ƙirga: daga ranar da kuɗinka ya fita zuwa ranar da ya dawo kwana nawa ne, kuma nawa yake kwana a waje? Iya wannan giɓin kawai za ka nemi abin cikewa. A Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa. A ce ka karɓi naira miliyan 5 a kan kashi 3 duk wata. Kwana 45 sun ci maka dubu 225 ke nan, ban da kuɗin takardu. Idan ribar lodin dubu 400 ce, ka cire wannan, ka cire albasar da ta ruɓe a hanya, me ya rage?

Wannan lissafi ne kawai. Batun kuɗin ruwa kuwa ka san abin da malamanmu suka faɗa, ni ma na sani, amma na taɓa toshe kunne. Na karɓo bashi na wata uku don sayen wake, na gutsuri rabi na sayi motar ɗaukar kaya. Mota ba ta mayar da kuɗinta a wata uku. Sai da na karyar da buhunan da na ajiye wa azumi kafin na rabu da masu bashin.

Akwai hanyar da hankalina ya fi kwanciya da ita. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, bankin Lotus a 2021, duk ba sa mu'amala da ruwa. A murabaha banki ne zai sayi kayan, ya sayar maka da ribar da kuka yanke tun farko, ka biya a lokacin da kuka ajiye. Kada ka ɗauka sadaka ce, ribar tasu ma ka sa ta a lissafi. Kuma za su nemi rajistar kasuwancinka da bayanan asusunka. Nan ne yawancinmu muke faɗuwa, domin cinikin da ya shiga aljihun babbar riga ba ya fitowa a takardar banki.

Amma fara da na kusa. Ka ce wa otal ya ba da rabi ranar sauke kaya, ko kuma farashin kwana 45 ya bambanta da na kuɗi hannu. Ka roƙi ubangidanka na gida da kake saro kaya a wurinsa ya ɗaga maka biya mako biyu, in dai ba ka taɓa saɓa masa alkawari ba. Adashinku ma ka nemi kwasarka ta faɗo lokacin saro kaya. Manhajojin bashi na waya kuwa, ko kallonsu kada ka yi.

Ka zo rumfata ranar Litinin bayan azahar da littafinka da takardun otal ɗin, mu ƙirga kwanakin tare.

Yayanka a Mile 12, Legas.