A riƙa nuna mana agogon garinmu

Malam Edita, salamu alaikum. Kukana ga masu haɗa shafukan intanet ne. Sai a sa darasi ƙarfe 3 ba a faɗi agogon wace ƙasa ba, wai mu da Faransa ɗaya ne, eh to lokacin sanyi haka ne amma ƙarshen Maris su kan ƙara awa 1, mu Nijar ba ma taɓa namu, ɗalibi ya shiga ya tarar an tashi, ga kuɗin data ya tafi. Alhali waya ta san yankin mai ita, a ajiye lokaci da UTC, wato agogon bai ɗaya da duniya ke auna lokaci da shi, shafin ya juya wa kowa nasa mana! Wata ma a rubuta sunansa, 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, mu nan 3 ga Afrilu.

Naka, mai karatu daga Birni, Damagaram.